Darakta da mataimakinsa ba sa ga-maciji, ni kuma ina tsakiya: in zauna ko in tafi?

Wani matashi ne ya aiko da tambayar. Ya yi 'yan shekaru a banki, taget, wato adadin ajiyar da ake ɗora wa ma'aikaci ya kawo, ya gajiyar da shi, Allah ya ba shi aiki a wata ma'aikatar jiha a mataki na 8. Bai cika shekara ba ya gane cewa daraktan sashensu da mataimakinsa ba sa ga-maciji. Daraktan, wanda saura masa shekara 2 ya yi ritaya, yakan kira shi ya ba shi aiki kai tsaye ba tare da an bi ta teburin mataimakin ba. Yanzu mataimakin da kyar yake amsa masa gaisuwa, abokan aiki kuma sun laƙaba masa ɗan gaban goshi. Ya ce shi aiki ya zo yi, ba siyasa ba, kuma yana tunanin neman kamfani ko ƙungiyar agaji inda yake jin babu irin wannan. Yana so ya san ko ya tafi, in kuma zai zauna, yaya zai yi.

Ɗana, babu wurin aikin da za ka gudu ka tarar babu wannan abin. Duk inda masu neman kujera suka fi kujerun yawa, ko abin rabawa bai kai yawan masu miƙo hannu ba, sai an yi kutungwila. Abin da yake bambanta wuri da wuri shi ne abin da ake rigima a kansa, da wanda yake riƙe da shi, da tsawon zaman da za ka yi da mutumin da ka ɓata wa rai. Na yi aikin gwamnati har na ajiye, yawancinsa a ɓangaren kula da ma'aikata, na kuma zauna a kwamitocin ƙarin girma da na ladabtarwa. Abin da na gani a halinka shi ne ka shigo ma'aikata da lissafin banki, alhali a nan wani lissafin ake yi.

A banki lamba ce take kare mutum. Manajan da ba ya ƙaunarka zai haɗiye fushinsa muddin kana kawo ajiya, domin shi ma da lambarka ake auna shi. Rigimar can ta wa za a ba babban kwastoma ce, da sunan wa za a rubuta ajiyar da aka kawo, da kuma sunan wa zai shiga jerin sallama idan an zo rage ma'aikata. Kuma mutane ba sa daɗewa tare. A 2005, bayan gwamnan Babban Banki Charles Soludo ya ɗaga mafi ƙarancin jarin kowane banki zuwa Naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, mutane da yawa suka wayi gari iyayen gidansu ba su da ofis. A 2009 Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya gaje shi, ya cire shugabannin wasu manyan bankuna, 'yan fadarsu suka watse. Wanda kuka yi faɗa da shi bana, baɗi yana wani banki ko kai kana wani.

Ma'aikata ba haka take ba. Ɗauki alƙalami ka yi lissafi da ƙa'idar tarayya, wadda yawancin jihohi suke kwaikwayo. Daga mataki na 7 zuwa na 14 sai ka yi aƙalla shekara 3 kafin ka cancanci ƙarin girma, daga na 15 zuwa sama shekara 4. Jami'i mai digiri yana tsallake mataki na 11, daga 10 sai 12. Ko da ba a taɓa jinkirta maka ba ko sau ɗaya, wanda abu ne mai wuya, sai ka haura shekara 25 kafin ka ga mataki na 17, wato na darakta. Ritaya kuma sai ka cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Daraktanka yana da shekara 2 a gabansa, kai kana da fiye da 30. Mataimakin da ba ya amsa maka gaisuwa, mai yiwuwa shi ne zai hau kujerar, in kuma bai hau ba yana nan cikin ginin, ya san duk wanda zai hau. Waɗanda suke kiranka ɗan gaban goshi su ne za ku tsufa tare, wasunsu za su zauna a kwamitin da zai duba fayil ɗinka wata rana.

Ka kuma sani faɗan nan ba naka ba ne, ya girme ka. Daga tsakiyar tsani zuwa sama, cin jarrabawa ba ya isa, sai akwai gurbi. Mataimakin darakta yana iya cika duk sharuɗɗa ya zauna shekara da shekaru yana kallon kujera ɗaya, yana ƙirga kwanakin mai ita yana ƙirga nasa. Wannan cunkoson ne ya sa a 2009, zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa, lokacin Stephen Oronsaye yana shugaban ma'aikatan tarayya, aka kafa wa'adi: darakta shekara 8, babban sakatare shekara 4 da damar sabuntawa sau ɗaya. Gwamnatin Buhari ta dakatar da tsarin a 2016, aka dawo da shi a 2023. Abin da ya kai gwamnatin tarayya ta kafa doka, ta dakatar, ta sake dawo da ita, ba ƙaramin jami'i ne zai sasanta shi ba. Kada ka gwada shiga tsakani, kada ka ɗauki saƙon sulhu daga wannan ofis zuwa wancan.

Tambayar da ya kamata ka yi wa kanka ita ce me ya sa daraktan yake tsallake mataimakinsa ya zo gare ka. Yana iya zama don kana da sauri ne kawai. Wanda ya fito daga banki ya iya kwamfuta, ya saba gama aikin yau a yau, kuma duk shugaba yana son irinsa. Yana iya zama don ya hana mataimakin sanin abin da ake ciki, domin a aikin gwamnati wanda fayil ba ya bi ta teburinsa ya zama hoto. Akwai kuma dalili na uku, wanda shi ne yake hana ni barci idan na ga sabon ma'aikaci ya samu shiga da wuri: ana neman sa hannun ƙaramin jami'in da bai san ƙa'ida ba a kan abin da tsohon hannu zai ƙi taɓawa. Hanyar ganewa ba ta da wuya. Duba yadda aikin yake zuwa maka. Idan a cikin fayil yake zuwa, da umarni a rubuce da kwanan wata da sa hannu, da sauƙi. Idan kullum da baki ne, ko ta waya bayan an tashi, ko a ce maka “shirya takardar ka kawo, fayil zai biyo baya”, to buɗe idonka.

Maganin duka ukun ɗaya ne, wato ka mayar da aikin kan hanyarsa ba tare da ka ƙi umarnin kowa ba. Darakta ya ba ka aiki da baki, ka ce to, ka je ka yi. Amma layin farko na abin da za ka rubuta a fayil ya zama: bisa umarnin da darakta ya ba ni a rana kaza. Idan ka gama, ka same shi ka ce, “Ranka ya daɗe, na kammala, zan bi da shi ta teburin mataimaki kada a ce na tsallake na gaba da ni.” Shugaban da saurinka kawai yake so ba zai damu ba. In ya ce a'a, kawo min nan, ka kai masa, domin shi ne babba kuma yana da ikon haka, amma rubutunka ya riga ya nuna cewa ba kai ka zaɓi hanyar ba. In kuwa ya ɓata rai don ka rubuta cewa shi ya umarce ka, ka samu amsar tambayarka, kuma gara ka same ta yanzu da ka same ta a gaban odita.

Shi kuma mataimakin, kada ka je masa da ban haƙuri, don ba ka yi laifi ba, kuma ban haƙuri zai sa ya ɗauka lallai da wata a ƙasa. Kada ka je masa da labarin darakta, don ranar da ka yi haka ka zama ɗan rahoto, kuma shi kansa ba zai yarda da kai ba. Ka je masa da aiki. “Yallaɓai, ni baƙo ne a aikin gwamnati, ga daftarin da na yi, ina so ka duba min ko na bi ƙa'ida.” Mutumin da aka mayar saniyar ware a sashensa ba abin da yake ƙishirwa kamar a nuna masa cewa saninsa yana da amfani. Kuma ba fadanci ba ne, gaskiya ce: ya san yadda ake rubuta takardar majalisar zartarwa da yadda ake bin kuɗi a ma'aikatar kuɗi, kai ba ka sani ba. Wataƙila karon farko ya karɓe ka a tsaye. Ka koma. Gaisuwa kuma ka ci gaba da yi ko ya amsa ko bai amsa ba, a gaban mutane, da murya ɗaya da wadda kake gaida darakta.

Akwai dalilin da ya sa nake matsa maka a kan mutumin nan. Ba ka cika shekara 2 ba, wato ba a tabbatar da kai ba tukuna, kana zaman gwaji. Wannan shi ne lokacin da ma'aikaci ya fi rauni a duk rayuwar aikinsa. Sannan takardar auna ƙwazo ta shekara, APER, wanda yake kanka kai tsaye ne yake cika ta, na sama da shi ya sa hannu. Gwamnatin tarayya tana sauya ta da sabon tsari, amma ko wane suna aka ba takardar, wani ne zai ba ka maki. Abin da sababbi ba su sani ba shi ne kusan kowa maki mai yawa ake ba shi, saboda haka mai son cutar da kai ba ya bukatar rubuta mummunar magana. Ya ba ka matsakaici kawai, ya rubuta “yana ƙoƙari”, shi ke nan ka koma bayan sa'o'inka, kuma ba ka da abin kai ƙara.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce gindin yawancin rigimar da ake fakewa da “ba ya girmama ni”. Albashi a ma'aikata ba ya bambanta mutane, kowa ya san na kowa. Abin da yake bambanta su shi ne wa aka sa a kwamiti, wa aka tura taron bita Kaduna ko Abuja da alawus, wa yake zuwa duba kwangila. Da zarar ka zama na kusa, za a fara sa sunanka. Wanda ka je ka yi aikinsa, karɓi hakkinka. Amma ranar da aka miƙo maka takardar halartar taron da ba a yi ba, ko aka ce a zuba kuɗin aiki a asusunka ka ciro ka kawo, ko aka ba ka ambulan ba tare da an ce na mene ne ba, ka tuna kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Darakta zai yi ritaya ya koma gonarsa, takardar biyan kuɗin da ka sa wa hannu tana nan a ɗakin ajiya. Masu binciken ICPC ko EFCC ba sa tambayar wa ya faɗa da baki, sunan da ke kan takarda da asusun da kuɗi ya shiga suke bi. Ƙin karɓa ba sai da wa'azi ba. Wanda ya tsaya yana karanto wa mutane haramci a ofis ya tara maƙiya a banza. Ka ce ba ka je ba, don haka ba za ka iya sa hannu ba, ka yi shiru. Sau biyu za ka faɗa a daina kawo maka.

Mutane sukan tambaye ni me ya sa ma'aikatan gwamnati suke da son ubangida haka. Tarihi ne ya koya musu. A 1975 gwamnatin Murtala ta sallami ma'aikata wajen dubu 10 cikin 'yan watanni, wasu da laifinsu, wasu kuwa takardar ƙorafin maƙiyi ce ta ci su ba tare da an saurare su ba. Daga ranar ma'aikaci ya daina yarda cewa ƙa'ida kaɗai za ta kare shi. A 1988 gyaran Babangida ya mayar da manyan sakatarori daraktoci-janar masu tafiya tare da gwamnatin da ta naɗa su, sai da kwamitin Allison Ayida ya ba da shawara aka dawo da tsohon tsari. A jihohi kuwa har gobe, duk sauyin gwamnati sai ka ga an kwashe waɗanda aka saba gani a motar tsohon kwamishina an watsa su ofisoshin da ko kujera babu. Ban ce kada ka yi ubangida ba, ƙarya ne a ce mutum yana hawa ba wanda ya riƙe masa tsani. Amma a san ka da wani aiki da ka iya wanda duk wanda ya hau zai bukata, ko kasafin kuɗi ne, ko tsara bayanai a kwamfuta, ko rubuta rahoto mai tsabta. Wanda aka sani da “yaron wane” kawai, ranar da wane ya tafi shi ma ya tafi ko yana zaune.

Kada ka raina na ƙasa. Akawun rajista, masinja, sakatariyar darakta, direba, su ne suka san inda kowane fayil yake kwana. Na ga ƙarin girman mutum ya makara shekara guda don fayil ɗinsa “ya ɓata”, kuma ya ɓata ne saboda ya taɓa daka wa wani dattijon masinja tsawa a gaban baƙi. Kira su da Baba, da Malam, da Hajiya, ka san sunayen 'ya'yansu. Ka ajiye kwafin takardunka na kanka a gida: ta ɗauka, ta kama aiki, ta tabbatarwa idan ta fito, da duk ta ƙarin girma. Takardun gwamnati kuwa kada ka kwashe, kada ka ɗauki hotonsu a waya da sunan kare kai. Ka yi rantsuwar riƙe sirri, dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan, kuma wannan kaɗai ya isa a kore ka ko da kai ne mai gaskiya a asalin maganar. Abin da ya halatta shi ne ɗan littafi naka, inda kake rubuta lambar fayil, ranar da ya zo, ranar da ya fita, da wanda ka miƙa wa.

Sai baki, wanda shi ke yanka wuya. Majalisar bayan sallar azahar, teburin mai shayi, zauren WhatsApp na sashe, duk wuraren gwaji ne. Za a zo maka da “kai da kake shiga wurin oga, me ake ciki?” Amsarka ita ce aiki ya ba ni na kai masa. Za a zagi mataimakin a gabanka don a ji ko za ka taya, gobe a zagi daraktan. Kada ka taya, kada kuma ka tashi tsaye kana kare wani, sauya magana ko ka tuna da wani aiki. A zauren waya kada ka rubuta abin da ba za ka so a karanta a gaban kwamiti ba, don akwai mai ajiye hoton kowace magana. Amma rufe baki ba shi ne janye jiki ba, kuma nan ne masu cewa “ni aiki na zo yi” suke faɗuwa. A ƙasar nan zumunci yana cikin aiki. Suna, ɗaurin aure, dubiya, ta'aziyya, gudummawar da ake haɗawa idan wani ya shiga matsala, duk ana lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Ka je na ɓangaren darakta, ka je na ɓangaren mataimaki. Mutumin da ka zauna a tabarmar makokin mahaifiyarsa zai yi nauyin baki ranar da ake ƙulla maka.

Za a kuma ja ka ta wajen “namu”. A tarayya batun jiha da shiyya ne, har tsarin mulki na 1999 ya tanadi raba daidai a sashe na 14, da hukuma guda mai lura da shi. A jiha abin yakan koma masarauta, ko ƙaramar hukuma, ko addini, wani lokaci har ɗariƙa da ƙungiya. Ba na cewa ka yi musun mutanenka, za su yi maka rana. Amma in teburinsu kaɗai kake zama, ka gaji duk abokan gabarsu tun kafin ka san dalilin gabar. Da mace ce ta aiko da tambayar nan, da na ƙara mata cewa ita ba ɗan gaban goshi za a kira ta ba, abin da ya fi haka muni za a faɗa, don haka ta riƙa barin ƙofar ofishin a buɗe, ta ƙi aikin bayan tashi ita kaɗai, kuma duk saƙon da ya wuce iyaka ta adana shi.

Idan abin ya kai an ba ka takardar tuhuma, kada ka firgita kuma kada ka yi fushi a rubuce. Ka amsa cikin wa'adin da aka rubuta a jikinta, a taƙaice, da kwanan wata da lambar fayil, ba tare da ka ambaci gabar manya ba. Nan littafin nan naka zai yi amfani. Ma'aikacin gwamnati da aka tabbatar ba a korarsa da baki, sai an bi matakai an saurare shi, kuma hukumar kula da ma'aikata ce take da ikon ƙarshe, ba darakta ba. Bayan ita akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da aka kafa tun 1975, akwai kotun ma'aikata ta ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'o'in aiki. Kotu takan mayar da ma'aikacin gwamnati bakin aikinsa idan an kore shi ba bisa ƙa'ida ba. Ma'aikacin kamfani galibi diyya yake samu, in ya samu. Ka sa wannan a ma'auni kafin ka rubuta takardar ajiye aiki.

Su kuma wuraren da kake hange, bari in gaya maka abin da ake faɗa a kansa a can. A ƙungiyoyin agaji, irin waɗanda suka cika Maiduguri saboda rikicin Boko Haram, albashi ya fi naka nesa ba kusa ba, amma kwantiragin wata 6 ne ko shekara. Duk siyasar wurin ta sabuntawa ce, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne yake cewa a sabunta ko kada a sabunta. Ba sai an kore ka ba, a bari wa'adinka ya ƙare kawai a ce babu kuɗi. Akwai tazara tsakanin ma'aikatan gida da baƙi 'yan ƙasar waje, akwai layin kai ƙara a ɓoye da aka yi don kare masu rauni amma wasu suke mayar da shi makami. Da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025, ayyuka suka tsaya, masu shiga da marasa shiga duk suka koma gida.

A asibiti rigimar ta sana'a ce kafin ta zama ta mutum. Likitoci suna da tsarin albashinsu, CONMESS, sauran ma'aikatan lafiya suna kan CONHESS, kuma JOHESU, gamayyar ƙungiyoyin sauran ma'aikatan lafiyar, da ƙungiyar likitoci sun daɗe suna ja-in-ja kan wa ya cancanci shugabanci da wa za a kira kwararre, har gwamnatin Jonathan ta kafa kwamiti ƙarƙashin Yayale Ahmed a kan zaman doya da manjan da ake yi. Sabuwar nas tana shiga ta tarar an riga an zaɓa mata ɓangare. A cikin ɗakin jinya kuwa abin faɗan jadawali ne: wa ake jibga wa aikin dare, wa ake ba hutun ƙaro karatu. A jami'ar tarayya shugaba zango ɗaya yake yi na shekara 5, don haka tun ana saura shekara biyu sansanoni suke kafuwa, kuma ƙaramin malami yana iya samun kansa a hannun mutum ɗaya wanda shi ne shugaban sashensa, shi ne mai duba digirinsa na uku, shi ne kuma zai tura takardunsa na ƙarin girma.

Kamfanin mutum ɗaya, ko shagon Kantin Kwari da Singa, shi ne inda shawarata ta rubutu ba ta aiki ko kaɗan. Ka ce wa Alhaji ya rubuta maka umarni, ka zage shi. Can amana ce jari, kuma abokan takararka ɗan maigida ne da ƙanin matarsa, waɗanda ba a korarsu. Yaron shago yana iya yin shekaru yana jiran maigida ya sallame shi da jari, magana ɗaya ta “ana ganin hannunsa ba shi da tsabta” ta rushe komai, ba kwamiti, ba ɗaukaka ƙara. Mai hankali a can lissafinsa yake tsarewa, ya sa a ƙirga kaya a gaban shaida, kuma ba ya taɓa kai ƙarar jinin maigida sai maigidan ya gani da idonsa.

Ra'ayina shi ne ka zauna, aƙalla har takardar tabbatarwa ta fito. Abin da ka bayyana bai kai na gudu ba, sanyin gaisuwa ne da laƙabi, kuma wata shida na bin da fayil ta hanyarsa yakan kashe laƙabin. Ka shirya wa cewa ko ka yi duk wannan, mataimakin yana iya hawa ya tura ka wani sashe don ya kawo nasa. In haka ta faru kada ka nemi ɗan majalisa ko basarake ya je roƙo, albashinka bai ragu ba, kuma zuwa da na waje cikin maganar canjin wurin aiki abu ne da manya ba sa mantawa. Abin da zai sa in ce ka nemi tashi da kanka shi ne idan ka ƙi sa hannu a kan abin da ba daidai ba aka fara yi maka bita da ƙulli. Ko a nan ma matakin farko neman canji ne zuwa wani sashe ko wata ma'aikata, a rubuce, ta hannun na gaba da kai, da dalilin neman ƙarin gogewa, ba tare da zargin kowa ba.

In kuwa ka samu wani aikin ka yanke shawarar tafiya, kada ka ajiye wannan sai takardar ɗaukar can tana hannunka ka karanta tsawon kwantiragin. Ka ba da sanarwa yadda ƙa'ida ta tanada, ka miƙa fayiloli da kayan ofis a rubuce, a sa maka hannu an karɓa. Masu ɓacewa kawai su bar albashi yana shiga, ana rubuta su a matsayin waɗanda suka gudu daga aiki, hukuncinsa kora ne da biyan abin da aka ci, kuma takardar kora tana toshe maka aikin gwamnati na gaba, na jiha ko na tarayya.